Ranar da Kyaftin Ya Zo da Ƙafarsa

"Duk faɗin ƙasar nan babu babban mutumin da bai riƙe lambar wayata ba. Sanata ne, ɗan ƙwallo ne, mawaƙi ne, in na kira bai ɗauka ba, to wanka yake."

Balarabe Na-Manya ke nan, mai shagon cajin waya a garinmu, nan tsakanin Ƙofa da Bagauda. Kai dai abokina, in ba ka san shi ba, an yi kallo babu kai. Ba a ambaton wani shahararre a rediyo sai ya kaɗa kai ya ce, "Yaron kirki, shekaranjiya muka rabu." Akwai ranar da ya rantse da safe suka gaisa da wani attajiri, alhali sanarwar sadakar arba'in ɗinsa ake yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, rawani. Mai gari yana neman wanda zai naɗa Sarkin Baƙi, ga kuma wasan ƙarshe na gasar ƙwallo tsakanin samarinmu da na Kiru ya matso. Gogan naka ya je ya zube a fada.

"Allah ya ja zamaninka, wa kake so in kawo maka babban baƙo ranar wasa? Kyaftin Mujitaba Tarnaƙi, wanda ya buga wa ƙasa ƙwallo? Tare muka fara da ƙwallon tsumma."

Mai gari ya ce, "In ya zo, ko ya aiko da wakili, a filin wasan zan naɗa ka."

A ranar Balarabe ya hau mota zuwa Kano ya sayo rawani fari sol. Kullum da safe sai ya naɗa a gaban madubi, ya sa matarsa Juwairiyya ta ce masa ranka ya daɗe. Baiwar Allah tana faɗa tana cije leɓe.

To, ka san yadda ake yi a wajenmu. Sa sunan babban mutum a sanarwar rediyo ba sai an tambaye shi ba. Shi ba zai zo ba, kai ma ka san ba zai zo ba. Ranar taro sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce shi ne wakili, a tafa, a watse. A kan wannan Balarabe ya kafa lissafinsa. Da ya je ba da sanarwa kuma sai abin ya yi masa daɗi, ya ƙara da wani Sanata, ya ƙara da wani fitaccen mawaƙi.

Wakili kuwa guda ɗaya ya samo, Ɗayyabu tela daga Tudun Wada, ƙato mai tumbin cika kujera. Ladansa tsire da lemo, da aron babbar riga da huluna uku.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Balarabe yana ta kai-kawo a gaban rumfa, rawaninsa a leda a hammata, sai ga wani mutum ya fito daga wata ƙaramar mota. Jallabiya ce a jikinsa, gemu da furfura, yana ɗan ɗingishi. Ya yi sallama ya dafa babbar kujerar tsakiya.

"Don Allah ina Malam Balarabe?"

"Ga shi kana gani. Baba, in caji ka kawo, yau shago a rufe yake."

"A'a, na ji a rediyo ne an ambaci..."

"Kowa ma a rediyo ya ji. Ɗauke hannunka! Ka san kujerar wa kake shafawa? Ta Kyaftin Tarnaƙi ce, aminina."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe amininka ne."

"Ciki ɗaya ne kawai ba mu fito ba. Matsa can wajen masu rake, kada ka tare wa manya iska."

Ka yi wa Na-Manya uzuri kaɗan. Kyaftin ɗin da ya sani na jikin wata tsohuwar kalanda ne, siriri mai gashi buzu-buzu. Mutumin ya yi murmushi ya tafi. Inuwa mai rake ya sauka daga bencinsa ya ba shi, ya fere masa gaɓa biyu.

Aka buɗe taro. Ɗayyabu ya miƙe a matsayin wakilin Sanata, ya yi alkawarin rijiyar burtsatse, aka tafa. Ya zagaya bayan rumfa ya sake hula, ya dawo a matsayin wakilin mawaƙi.

Wani daga 'yan Kiru ya ɗaga murya, "Kai, ai na ɗazu ne!"

Balarabe ya fizge lasifika. "Tagwaye ne, jahili!"

Barakatu mai ƙosai ta ce, "Tagwayen kuma rigar sallarka suke karɓa-karɓa? Ga ƙunar dutsen guga nan a kafaɗa."

Dariya ta ɓarke, mai gari ya gyara zama. Gumi ya fara tsattsafo wa gogan, amma ya daure ya kira wakilin Kyaftin. Ɗayyabu ya fito da hula ta uku, ya marairaice murya.

"Jama'a, Kyaftin ya so zuwa, amma yanzu haka yana kwance a asibiti a ƙasar waje, an rataye ƙafarsa sama. Da bakinsa ya ce mini, Ɗayyabu, ka gaishe mini da aminina Balar..."

Sai maganar ta maƙale. Abin da Balarabe bai bincika ba shi ne, telan nan mayen ƙwallo ne, bangon shagonsa duk hotunan 'yan wasa ne. Idonsa ya sauka wajen masu rake. Ya saki lasifika, ya tattare babbar riga, ya kwasa da gudu hula tana faɗuwa.

"Kyaftin! Wallahi Kyaftin ne! Jama'a ga Tarnaƙi nan yana shan rake!"

Fili ya rikice. Mai gari da kansa ya taka ya kamo hannun baƙon ya kawo shi rumfa. Kyaftin ya karɓi lasifika, ya gaishe da dattawa, sannan ya ce, "Ina hanyar dawowa daga Jos na ji sunana a rediyo. Na ce bari in ratse in ga wannan aminin nawa. Alhamdu lillahi na gan shi, ƙafar ma da sauƙi."

Ni kam a nan na ji tausayin Balarabe, amma shi bai ji tausayin kansa ba. Ya buɗe hannuwa ya nufo Kyaftin.

"Mujitaba! Kai ne ka tsufa haka? Ai tsokanarka nake, irin tamu ta yarinta!"

"A wane gari muka yi yarintar?"

"A... Doguwa mana."

"Yau na fara ganin Doguwa, ta tagar mota."

Mai gari ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Na yi alkawarin naɗi a filin nan, kuma za a yi. Wa ya ba baƙonmu wurin zama?"

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Inuwa mai rake!"

"Madalla. Sai dai ban zo da rawani ba. Balarabe, mene ne wannan a hammatarka?"

Haka Na-Manya ya miƙa ledar da hannu biyu, yana tsaye aka naɗa wa Inuwa rawaninsa. Da aka gama, sabon Sarkin Baƙi ya matso ya dafa kafaɗarsa, lasifika kuwa a kunne take.

"Kada ka damu, Malam Balarabe. Duk ranar da na tafi sarin rake, kai ne wakilina."