Kwamitin Gani da Ido

Wani tela ne mai suna Ɗantani aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali na wata jiha. Ciwonsa gane-gane: yau ya ga raƙuma a shago, gobe ya ga jirgin ƙasa a tsakar gida har yana ɗaga wa fasinjoji hannu. Da magani ya karɓe shi, likita ta ce, "Ranar Alhamis zan sallame ka. Amma ka sake ce min ka ga abin da babu, to sai bayan sallah." Ɗantani kuwa ga ɗinkin sallah yana jiransa, murna har kunne, tun Talata ya ƙulle kayansa a leda.

Ranar Alhamis ɗin sai ga kwamiti daga ma'aikatar lafiya, wai sun zo gani da ido kan kuɗin da gwamnati ta saki don gina sabon ɗakin majinyata. Aka fara da ofishin sakataren asibiti, aka yi wa kaji kaca-kaca, aka saka wa kowa ragonsa a bayan mota. Sannan aka zagaya da su filin bayan asibiti, inda ko bulo ɗaya babu, sai ciyawa da akuyar maigadi.

Sakatare ya ware hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ginin nan, bene hawa biyu."

Shugaban kwamitin, Alhaji Maikano, ya gyara babbar riga, ya ɗaga kai sama ya ce, "Masha Allah! Kai, fentin nan ya yi!" Sauran suka hau yabon tagogi.

Ɗantani na gefe da ledarsa. Ya murza ido ya sake dubawa: akuya dai. Can Alhaji ya yafito shi ya ce, "Bawan Allah, faɗa wa kwamiti, ya ka ga ginin da gwamnati ta yi muku?" Sakatare na ta ƙifta masa ido, likita kuma ta kafe shi da kallo.

Ɗantani ya matso ya rage murya. "Alhaji, hawa biyu kake gani?"

"Biyu mana!"

"Alhamdu lillahi, naka da sauƙi. Ni da aka kawo ni bakwai nake gani. Ga gadona can, yau zan tashi, kai dai ka daure da shan maganin."