Furar Maska da Sabon Cikina

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Sani, ɗan yayana, a Maska ba, ko da mutanen garin sun manta (ba za su manta ba).

Lokacin ba a daɗe da yi min aikin rage tumbi ba. Likita ya ja min kunne: "Alhaji, cikinka ya daina riƙe abinci. Duk abin da ka haɗiye, musamman mai zaƙi, hanji zai zarce a guje. Kaɗan-kaɗan za ka dinga kurɓa." Na ce to. Amma a garinmu Funtuwa duk wanda ya tambayi inda teɓata ta tafi sai in ce motsa jiki ne (ni da ko masallacin layinmu a mota nake zuwa).

Ni ne wakilin ango. Muna isa kakar amarya ta aiko min da ƙwarya cike da fura, ta sha nono, ta sha sukari. Na ce a ƙoshe nake. Sai ga tsohuwa da kanta a bakin zaure.

"Au, ƙyanƙyamin ƙwaryarmu kuke? Wanda bai sha furarmu ba ai ba ya ɗaukar 'yarmu."

Sani ya dube ni kamar zai yi kuka. Maimakon in ce an yanke min ciki, sai na kafa kai, ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya. Jarumi!

A masallaci, liman na fara huɗuba gumi ya keto min, zuciyata na dukan uku-uku, ina ganin mutane bibbiyu. Aka miƙo min makirufo, na riƙe shi daidai cibiya, lasifika ta watsa wani ƙugi har wani dattijo ya ɗaga kai yana duban hadari. Na yar da makirufo, na tattare babbar riga, na tsallake takalman jama'a, na faɗa gonar masarar da ke bayan masallaci.

Aka jira, aka gaji. Can sai muryar liman ta lasifika: "Wakilin ango, ka karɓa masa?"

Daga tsugune na ƙwala: "Na karɓa!"

"Shaidu, kun ji?"

"Mun ji, Malam," in ji wani. "Wallahi komai mun ji."

Aure dai ya ɗauru, ni kuwa kunya ta kusa kashe ni. Tun daga ranar na gane cewa in cikinka na da sirri, gara ka raɗa wa tsohuwa ɗaya da bakinka, kafin shi ya yi wa gari guda bayani da kansa.