Farantin da Na Wanke da Sabulu

Sati uku na yi ina neman maƙiyi a ɗakin gwajinmu na Daura. Aikina lokacin shi ne ɗebo ruwan kogon cikin ɓera, in tattara manyan ƙwayoyin nan na jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Kullum sai in zuba ruwan a faranti, bayan awa biyu in juye shi cikin kwalba, in wanke farantin tas da sabulu. In na leƙa madubin gwaji, babu su babu alamarsu.

Ni da digirina, ai ba daga wajena matsalar take ba. Sai na ɗora zargi kan abokin aikina Malam Sani, mutumin Sandamu, saboda murmushinsa ya yi yawa. Na sa wa firij kwaɗo, na rage amsa gaisuwarsa, har na kai ƙara wurin Hajiya, shugabarmu.

Ta ce in yi aikin a gabanta. Ina ɗaukar soso ta dakatar da ni.

"Malam, ai ƙwayoyin a jikin faranti suke mannewa. Ruwan ake zubarwa."

Har yau in mun gama cin abinci, Malam Sani kan turo min kwanonsa ya ce, "Bismillah, Sarkin Wanke-wanke. Kai ne ba ka barin komai."