Yadda na gyara kifin mahadar unguwarmu

Ko na tsufa ba zan manta da kifin nan ba. Kifi ne na siminti, ya fi mutum tsawo, baki buɗe yana kallon sama, a mahadar unguwarmu a Gashuwa. Wani magini daga Nguru, Malam Bukar, shi ya ƙera shi.

Shekara uku ana rigima kan wanda zai kula da shi. Masu sayar da kifi suka ce a unguwarmu yake, mu kuwa muka ce ai sana'arsu ake tallatawa. Kifi dai ya koɗe, awaki suka mayar da gindinsa wurin kwanciya.

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa (muƙamin da babu wanda ya nema sai ni), don haka na ce surutu ya isa. Ran Asabar na je da fenti. Da na leƙa ƙarƙashin cikinsa sai na ga ramuka huɗu. Na ce lallai lalacewa ta yi nisa. Na kwaɓa siminti na toshe su tsaf, na shafe da shuɗin fenti, na yi sati ina ba da labari.

Damina ta sauka. Cikin Agusta cikin kifi ya tsage, jela ta faɗo.

Aka kira Malam Bukar taro a gindin kifin. Babu wanda ya kai ni ɗaga murya. Na ce aikin ha'inci ne, kada a sake ba shi aiki a garin nan. Dattijon ya matso. Ya durƙusa ya shafa cikin kifin, ya ɗago.

"Ruwan sama ta baki yake shiga, ta ƙasa yake fita. Wa ya toshe mafitar?"

Na shiga gyaran hula. Sai Madam Grace mai abinci ta leƙo daga rumfarta.

"Ai Sakatare ne, Baba. Ya yi ƙoƙari sosai, ni ma na ba shi ruwan kwaɓi."

Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Kunya ta rufe ni, na ba dattijon haƙuri a gaban kowa.

A nan take rigimar shekara uku ta mutu: kowa ya amince kula da kifi ya dawo wuyana. Tun daga ranar, ko rami na gani a tsakiyar titi, sai na tambayi wanda ya haƙa shi kafin in taɓa.