Yadda Ake Kwafe Kaset ɗin Kaka Ba Tare da An Ji Waƙarka Ba

Idan ka taɓa naɗar wani abu a kan kaset ɗin da ba naka ba, kuma yau shekara ashirin da ɗoriya ba ka faɗa wa kowa ba, to matso kusa. Zan nuna maka yadda za ka juye tsofaffin kaset-kaset ɗin gidanku cikin kwamfuta, dangi su sa maka albarka, asirinka kuma ya ci gaba da barcinsa. Hanyar tabbatacciya ce, ba ta da gyara. Na same ta ne daga bakin wani bawan Allah da 'yan gidansu ke kira Injiniya tun ranar da ya mari fanka ta tashi. Ya zauna ya ba ni labarin tiryan-tiryan, ban katse shi ba ko sau ɗaya.

Ga matsalarsa, don ka gwada da taka. Kakarsu ta wajen uwa, kafin ta rasu, ta zauna gaban rakoda ta cika kaset guda da magana. Tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi halin kowa, ta sa masa albarka. Injiniya na ɗan shekara goma sha bakwai so ya kama shi, ya nemi kaset ɗin da babu komai a kai ya rasa, sai ya ɗauko na Kaka. Minti goma sha ɗaya ya cinye a gefe na biyu, yana rera wa 'yar mai ɗinkin layinsu waƙa yana kiɗa da bokiti. Ba a jima ba rakodar gidan ta mutu, aka jefa kaset ɗin a gwangwanin alawa, babu wanda ya ƙara ji. Wurin da ya goge kuwa, daidai nan ne Kaka ke magana a kan yayarsa, wadda kowa ke ce wa Yaya Babba, wadda har gobe in ta yi gyaran murya sai Injiniya ya gyara zama.

1. Karɓi aikin kafin a ba wani

Ranar da aka fito da kwalin kaset daga ƙarƙashin gado, kada ka tsaya atishawa. Akwai shagunan da ke wannan aiki, kuma masu shago ba su da kara: abin da suka tarar shi za su miƙo. Don haka ka riga kowa magana.

Yaya Babba ce ta ta da zancen a ɗakin mahaifiyarsu.

"Umma, a kai su shago a juye mana. Ina so in ji abin da Kaka ta ce a kaina. Na manta kalmomin, amma na san ta yabe ni."

"Shago?" in ji Injiniya, ya dafe ƙirji. "Muryar kakata a hannun bare? Ina raye?"

Umma ta dube shi ta saman tabarau. "Yaushe ka fara son kakarka haka? Kai da take aike ka ɓuya bayan randa."

"Girma ne ya zo, Umma."

Ka lura: bai yi musu ba. Mai laifi ba ya musu, sai dai ladabi.

2. Cire shaida

Kowane kaset yana da ɗan kunne a samansa. Idan aka karye kunnen, ba a iya naɗar komai a kai, sai dai in wani mugu ya toshe ramin da takarda. Duba naka. Idan takardar na nan, zaƙulo ta da allura. Ta Injiniya daga littafin lissafinsa ya yago ta, har da jan biron malami a jiki. A ɗakin mahaifiyarsu ya zaƙulo ta a sace, ya rasa inda zai jefa, ga matarsa tana shigowa, sai ya haɗiye.

3. Ja lokaci da neman kayan aiki

Abubuwan da ake bukata ba su da yawa: rakoda mai rai, na'urar bidiyo mai rai, kwamfuta, ɗan akwatin da ke haɗa su, kebul mai kai uku (ja, fari, rawaya), auduga da sifirit na goge kan rakoda, sai biro na murza zare in ya saki. Mutumin kirki zai haɗa su a kwana biyu. Kai ka yi wata uku. Duk wanda ya tambaya, ce masa kebul ake jira. Ba a taɓa samun wanda ya yi gardama da kebul ba.

Sai dai ka kiyayi mai gyaran rediyo mai tsoron Allah. Injiniya ya ɗauki matacciyar rakodar gidan ya kai wa wani dattijo, da fatan a ce ta gama yawo. Dattijon ya buɗe cikinta, ya hura, ya ɗago wata roba da ta narke kamar cingam.

"Bel ne kawai."

"Ai irinsa ya ɓace a duniya, ko Baba?"

"Ga shi nan a gwangwani, sun fi ashirin."

"To, aikin zai kai wata biyu ke nan. Ba na sauri."

"Zauna a bencin nan. Kafin ka gama shan ruwa na gama."

Haka kuwa aka yi. Injiniya ya rungumo rakoda ya dawo gida kamar wanda ya ɗauko takardar sammaci.

4. Fara da bidiyo, ka gajiyar da jama'a

Ga sirrin da masana ba sa faɗa da wuri: kaset ba ya juyuwa da sauri. In awa uku ne a ciki, awa uku za a zauna yana tafiya. Wannan rahama ce gare ka. Tara dangi a falo, ka zaɓo bidiyon da ya fi kowanne ban haushi.

Injiniya ya sa wanda kawunsu ya ɗauka ranar da ya sayi kyamara. Minti arba'in na takalman mutane ne, sai silin, sai wata kaza da ta gifta, sai kawun da kansa yana tambaya, "Tana ɗauka kuwa?" Hoton yana rawa, farin layi na hawa yana sauka. A rana ta farko mutum goma sha huɗu ne a falon. Rana ta uku saura biyar. Rana ta biyar kowa ya tuna yana da uzuri.

Ban da Yaya Babba. Ta zo da abin ɗinkinta da filas ɗin shayi.

"Ƙanena, ka gama da kajin kawu. Ranar Asabar sai Kaka."

5. Tanadi ƙarya mai kama da ilimi

Dabarar ita ce: ka juye kaset ɗin duka, ka yanke minti goma sha ɗayan nan a kwamfuta, ka ce fumfuna ta ci wurin. Amma kada ka ce "fumfuna" kawai, kowa ya san fumfuna. Ka ce danshi ya shiga maganaɗisun zaren. Ka faɗa a hankali, kana girgiza kai, kamar likitan da ya fito daga ɗakin tiyata.

Yi gwaji a gaban madubi, amma ka rufe ƙofa. Injiniya bai rufe ba. Yana cikin "danshi ya shiga" karo na huɗu, sai ya hango matarsa a madubin, riƙe da kwandon wanki.

"Wane danshi kuma? Ba a ma sa kaset ɗin ba."

"Shiri nake. Ko da zai faru."

"Ikon Allah. Baban yara ya fara duba." Ta ajiye kwandon. "Me ke cikin kaset ɗin nan?"

"Kaka."

"Kaka ce ta sa ka zufa har a kunne?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Tambayi inda aka ajiye maka auduga.

6. Toshe bakin rakoda

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka karanta sau biyu. Rakoda tana da ɗan rami na abin saurare a kunne. Da zarar ka soka kebul a ramin, lasifikarta ta yi gum. Sautin zai bi kebul ya shige kwamfuta, ɗaki kuwa tsit. Ko mutum ɗari ne zaune, babu mai jin komai.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta zo da kanta, gwangwanin alawar nan a cinyarta, don ta ce kaset ɗin uwarta ba zai kwana a gidan kowa ba. Yaya Babba ta zauna kusa da tebur. Matar Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa, wai tana tsince shinkafa.

Ya goge kan rakoda da auduga, ya zura biro ya ɗame zaren, ya soka kebul, ya danna.

"Ba ma ji," in ji Yaya Babba.

"Haka ilimin yake, Yaya. In sauti ya fita ɗaki, ba ya isa kwamfuta. Raguwa yake yi a hanya. Sai na gama na tace, sannan a ji."

"Uhm," in ji Yaya Babba.

Gefe na farko ya wuce lafiya. Ya juya kaset.

7. Juya fuskar kwamfuta bango

Wannan matakin Injiniya bai yi shi ba, shi ya sa na ƙara maka.

Yayin da sauti ke shiga, kwamfuta tana zana shi a fuskarta. Muryar Kaka ta fito kamar ciyawa sabon tsiro, gajeru-gajeru, da ɗan fili a tsakani inda take numfasawa. Umma ba ta san kwamfuta ba, amma tun da aka fara idonta na kan ciyawar nan.

"Wannan ita ce take magana?"

"Ita ce, Umma."

"Allah sarki. Ga inda take tsayawa ta kurɓi ruwa."

Minti tara da shiga gefe na biyu, ciyawa ta ɓace. Wani ƙaton gini ya miƙe daga ƙasan allo har sama, baƙi ƙirin, yana dukan rufi.

"Mene ne wannan?"

"Danshi ne, Umma. Ya shiga maganaɗi..."

"Uwata ba ta taɓa ɗaga murya haka ba, ko ranar da gobara ta kama kicin."

Ta miƙa hannu, hankali kwance kamar mai cire zare a riga, ta zare kebul ɗin.

Bokiti ya cika ɗakin. A bayansa wata murya, rabi ta yaro rabi ta zakara, tana roƙon 'yar mai ɗinki ta leƙo ta taga ko da allura ce a bakinta, wai zuciyarsa ta yage tana neman faci.

Shinkafa ta watse a bakin ƙofa. Matar Injiniya ta zame ta zauna a ƙasa, dariya ta hana ta numfashi. Yaya Babba ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ɗinkinta, ta cire tabarau, ta naɗe shi.

"Nan ne wurina," ta ce. "Daga kan autan kawu sai ni. Kai! A kaina ka yi wannan haukan?"

8. In ta ɓaci, kada ka danna tsayawa

Hannun Injiniya ya kai kan madanni. Umma ta buge shi.

"Bari."

Aka sha waƙa har ta kusa ƙarewa, sai a cikin kaset ɗin aka ji ƙarar ƙofa. Bokiti ya yi shiru. Sai wata murya mai kauri, a gajiye, irin ta wanda ya dawo daga aiki bai ko cire takalmi ba:

"Wai wace akuya aka ɗaure min a ɗakin nan? Kai ne? To in waƙar za ka yi, ka ba uwarka bokitinta tana nema. Kuma ka ci abinci tukuna, murya ba ta fita da yunwa."

Mahaifinsu ne. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwarsa. Mutum ne da ko kyamara aka ɗaga sai ya bar wurin, bai taɓa yarda an naɗi muryarsa ba, kuma duk gidan sun daɗe da haƙura cewa babu ita a ko'ina.

Can aka ji ƙaras, Kaka ta dawo tana sa wa wani jikan albarka kamar babu abin da ya faru.

"Mayar baya," in ji Umma.

Ya mayar. Sau shida ana sauraron faci da allura don a kai ga ƙofar nan. A na shida Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ashe kai ka ɗauke bokitin. Har maƙwabta na zarga."

"Ni fa, Umma?" in ji Yaya Babba, muryarta ta sauka. "Nawa ya tafi ke nan?"

"Ina zaune a gefenta ta faɗa. Cewa ta yi kin fi kowa riƙon amana, kin fi kowa faɗa, kuma Allah Ya ba ƙannenki haƙuri. Sauran ma duk na riƙe. Kai, Injiniyan fanka, kunna abin naka in faɗa a naɗa, tun ina iyawa."

9. Raba wa dangi

A nan ne ya kamata ka yanke waƙar ka bar muryar da ake so. Injiniya ya kawo wannan shawara cikin ladabi, har ya nuna daidai inda almakashin kwamfuta zai bi. Umma ta ce in aka cire akuyar, ba za a san da wa mahaifinsu yake magana ba. Kada a taɓa ko ɗigo. Sannan ta sa masa albarka. Kafin la'asar Yaya Babba ta tura wa duk wanda ya haɗa jini da su, har da waɗanda ba a ga maciji da su.

Tsame hannu

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganin kaset ɗinku ba, kuma ko a gaban wa aka kira shi zai ce gaisawa kawai kuka taɓa yi. In zare ya tsinke, in rakoda ta tauna, in allura ta soke ka, in takarda ta tsaya maka a wuya, kai ka jiyo. Haka nan in matarka ta koma aiken yara su kai ɗinki tana tambayarka ko akwai saƙo, ko kana tsakiyar taron dangi aka kira Yaya Babba a waya ka ji bokiti na tashi daga jakarta, ita kuma ta ƙi ɗagawa sai baiti ya ƙare, babu ruwana. Na ce za a sa maka albarka, kuma an sa wa Injiniya. Sauran alkawarin, a yi haƙuri, danshi ya shiga.