Taurari a Ƙasan Robar Abinci

Cikin abubuwan da ba zan taɓa mantawa da su ba a zamana na Kuala Lumpur akwai azumin shekarar kullen korona, wanda wasu Jamusawa da suka mutu tun kafin a haifi kakana suka ja min abin kunya a cikinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Digiri na uku nake yi a fannin yawon buɗe ido, ina haya a wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam. Matata ta tafi Kano haihuwa aka rufe iyaka, na zama gwauron dole. Malamin da ke duba aikina kuma ya rasa abin da zai ɗora min sai tarihin wasu jerin littattafan jagorar matafiya na Jamusanci (ni da ko gaisuwa ban iya da yaren ba, sai manhajar fassara). Wani mai buga littattafai ne ya fara su a ƙarni na sha tara, lokacin da jiragen ƙasa da na ruwa suka sauƙaƙa tafiya. An ce yakan shiga gari bai faɗi ko shi wane ne ba, ya kwana a masauki, ya ci abinci, ya koma gida ya rubuta abin da ya gani. 'Ya'ya da jikoki suka gada, yaƙi ya ƙone musu maɗaba'a, suka sake tashi. Ni dai abin da ya shiga kaina shi ne taurarinsu: wurin da ya yi kyau a ba shi ɗaya, wanda ya yi fice biyu, sauran kuwa a rubuta suna kawai a wuce.

Wata da watanni ba ni da abokan hira sai waɗannan mutanen. Sai da ta kai ko ruwan sama aka yi sai na ba shi tauraro.

Da azumi ya kama, Maman Hanifa, matar wani malamin jami'a kuma babba a matan Hausawan benen, ta ce ba za a bar ni ina buɗa-baki da taliyar leda ba. Ta haɗa kai da Maman Sultan da Anti Rabi, kullum kafin magariba sai na tarar da roba uku a bakin ƙofa, kowa da launin murfinta. In na cinye na wanke, na zuba dabino, na ajiye wa kowa tata a ƙofarta.

Nan ilimi ya motsa. Na sayo alƙalami a shagon ƙasan bene (mai shagon, Allah ya isa, bai gaya min ruwa ba ya goge shi ba), na juya robobin na shiga zana musu taurari a ƙasa. Masar Maman Sultan ta sa'a ce, ta samu biyu, ita ake fara buɗewa da zafinta. Anti Rabi ɗaya, bayan asham. Maman Hanifa kuwa gishirinta har harshe yake yanka, na bar tata haka nan, sai sahur in babu yadda za a yi. Ni a wajena tsari ne kawai, wa ke duba ƙasan roba?

Ashe mata suna dubawa.

Wata la'asar na sauka bakin ƙofar bene, inda ake karɓar saƙon kasuwa. Na tarar da su ukun da mazan biyunsu, kowa da takunkumi, an ba da tazara. A kan teburin mai gadi ga robobi uku an kife.

"Baban Ilham, zo ka raba mana gardama," in ji Maman Hanifa. "Ni na ce ado ne, Rabi ta ce marks ne."

Ga hanya an buɗe min. Da na ce ado ne, shi ke nan. Amma digiri ya tsaya min a wuya, na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji.

"Ai Hajiya, a tsarin Jamusawa rashin tauraro ba aibu ba ne. Shiga littafin ma kaɗai daraja ce."

"To, wato ni na shiga littafi," in ji Maman Hanifa.

"Ni kuma second class ke nan, lah," in ji Anti Rabi, tana jan ƙarshen maganar irin na 'yan ƙasar.

Baban Sultan bai ɗaga murya ba. "Malam, iyalina ka ba biyu? Wane bincike ka yi?"

Na fara kame-kame ina cewa gishiri ne kawai ya ɗan yi yawa. Maman Hanifa ta dube ni ta ce:

"Gidana ba ma cin gishiri, Baban Hanifa yana da hawan jini. Matarka na kira na tambaya, ta ce kana son ka ji shi. Shi ya sa nake raba maka taka tukunyar daban, da azumi a bakina, ban isa na ɗanɗana ba."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na hau sama na kira matata ina faɗa, ta yi dariya har jariri ya farka, ta ce ita ma shekara da shekaru take jiran taurarinta. Na ji haushinta, na ji haushin malamina, na ji haushin Jamusawa da 'ya'yansu da jikokinsu, don dai kada na zauna da haushin kaina.

Washegari roba biyu suka ɗauke ƙafa. Ta Maman Hanifa ce kaɗai ta ci gaba da zuwa har Sallah, daga tukunyar gidanta, ko ƙwayar gishiri babu, ni kuwa ina cinyewa tas ina sa albarka.

Na gama babin tarihin, malamina har ya yaba. Amma akwai abin da ban sa a ciki ba: Bajamushen nan duk garin da ya raba wa taurari, da safe yake ɗaukar jakarsa ya hau jirgi. Ni kuwa matattakala ɗaya muke hawa da waɗanda na raba wa nawa.