Tubalin Thoa a Rundunar Kwamred Vuong

Duk wanda ya ce Hanoi ta daina haihuwar manyan mutane bayan yaƙi, bai taɓa bin layin kantin gwamnati na unguwarmu ba. A can Kwamred Vuong yake mulki. Gajere ne, teburin awo yana kai masa ƙirji, amma komai tsawon wuya kai ne bisa, kuma a unguwarmu shi ne kan. Ya yi yaƙi, ba ƙarya. Ya ƙare shi yana gadin rumbun gishiri a inda ko ƙarar bindiga ba ta kaiwa, kuma gishirin bai taɓa faɗawa hannun abokan gaba ba. Hannun surukansa ya faɗa.

Da yake ba mai iya tsayuwa daga asuba zuwa azahar da rogo kaɗai a ciki, kowane gida yana da jan tubali mai suna a jiki, wanda ke riƙe masa wuri a layi. Ba a taɓa tubalin wani, sai dai a tura shi gaba da ƙafa. Wannan ce rundunar Vuong. Muka sa masa Janar na Tubala, ya ji, ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar rabon nama ce, wadda ke zuwa sau ɗaya a wata. Da asuba 'yata Thoa, mai shekara goma sha ɗaya, ta kai tubalinmu ta samu wuri kusa da ƙofa. Kitse muke so, a narka a yi mata mai, don tari ya ramar da ita tun shigowar sanyi. A layi ta koyi ƙirga, a layi ta koyi karatu da sunayen tubala. Ranar ta zana kifi da gawayi a jikin namu.

Da hantsi Janar ya fito duba dakaru, hannuwa a baya, yana gyara sahu da kan takalmi. Ya tsaya a kan kifin.

"'Yan ƙasa, kifi a jikin tubali me yake nufi? Yana nufin babu kifi a tukunya. Wa ya ce babu? Wannan ba zane ba ne, ƙorafi ne."

Thoa ta ce, "Kawu, ai kifin ba shi da nauyi. Ba zai rage rabon kowa ba."

Layi ya yi dariya, kuma dariyar ce laifin. Janar da kansa ya ɗauki tubalin ya kai shi ƙarshen layi, inda rumfa ba ta kai ba, ya ce mai shi ta tsaya tare da shi ta koyi ladabi. Ana yayyafi.

Da azahar kwandon matar Janar ya fita ta ƙofar baya, a rufe da ganyen ayaba, yana ɗigar mai. Da la'asar Thoa ta isa teburi ta tarar ana wanke katako. Ta shigo gida a jiƙe, ba tubali, ta miƙa wa uwarta kwanon wofi ta ce ta samo mana ƙamshi, rabon mutum uku. Muka ci dawa da ganye. Da magariba jikinta ya ɗauki zafi.

Na karanta haɗa magunguna a jami'a, na san sunan abin da take bukata. A asibiti ma sun san sunan, maganin ne babu. Ta rasu kafin rabon nama ya zagayo.

Ban iya zuwa ɗaukar tubalin ba. Maƙwabta kuma ba su iya kawar da shi ba. Kullum su tura shi da ƙafa har ƙofa, ba mai amsawa, sai Gwaggo Ngat mai shayi ta mayar da shi baya. Ruwa ya wanke kifin, sunanta da aka karta da ƙusa ya rage.

Janar, mai ido kamar shaho, ya lura. Ranar da babban baƙo ya zo daga ma'aikata duba kantuna, na je karɓar shinkafa. Aka share gari, aka rataye ƙafar alade ta aro a tagar kantin. Janar ya ɗaga tubalin sama da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga amfanin tarbiyyata. Wannan tubali kullum yana layi. Ba ya turereniya, ba ya cewa shinkafa da tsakuwa. Yana isowa ƙofa sai ya bar wa wasu rabonsa ya koma baya. Irin ɗan ƙasar da nake ginawa ke nan. Thoa, ina take? Ta fito a tafa mata."

Ba wanda ya tafa. Gwaggo Ngat ta ce, "Ɗana, ai ta koyi ladabin da ka ce. Mun binne ta."

Baƙo ya dubi takalminsa. Janar kuwa jarumi ne, bai girgiza ba. Ya nemo ni da ido cikin jama'a, ya tambaye ni wa ke cin rabon shinkafarta tun daga lokacin. Na ce mun mayar da katinta na rabon abinci washegarin jana'iza. Ya gyaɗa kai, ya gaya wa baƙo cewa ko matattun unguwarsa masu bin doka ne.

Rigarta ta makaranta an rage wa 'yar ƙanwata. Takalminta na taya yana ƙafar jikan Gwaggo Ngat. Guntun gawayin, uwarta ta ajiye shi gaban hotonta, kusa da turare. Tubalin na roƙa a ba ni, Janar ya ce ya zama abin koyi, don haka kayan gwamnati ne. Yana bayan teburin awo yanzu, a ƙarƙashin ƙafafunsa, a kai yake tsayawa in zai yi jawabi.

A shekarar an auna yaran unguwarmu a makaranta, kusan babu wanda ya ƙaru. Janar ne kaɗai ya ƙara tsawo.